Ranar da Na Haɗe Mata Harsasai

A shekararmu ta shida a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira 'yata ta fari ta fara zuwa harbi. Tana jami'a a lokacin. Wata ƙawarta ce ta ja ta zuwa wani nadi, wato gidan wasanni, a unguwar Ma'adi, inda 'yan mata ke jeruwa suna harbin takarda da bindigar iska. Ni iyakar sanina da bindiga ita ce ta kakana ta toka, wadda ake ɗura wa duk abin da aka samu, har guntun ƙusa. Shi ya sa da ta fara shigo da 'yan gwangwanaye cike da harsasai, ƙwayoyin dalma, ko wake ba su kai ba, na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Wata Laraba ina gyara ɗakinta na tarar da gwangwani uku a kan tebur, babu wanda ya kai rabi. Na duba murafan. Da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci na gane huɗu da ɗigo biyar a kan kowanne. Sai na yi abin da nake yi da ragowar shinkafa, na juye su wuri guda, na wanke biyun na zuba maɓallai.

Ranar Juma'a kuwa za a yi gwajin zaɓen mutum uku da za su wakilci nadin. Wata takwas tana shirinsa.

Da ta dawo ta buɗe gwangwanin, ta leƙa cikinsa.

"Umma, ina sauran?"

Na ce ai ga su nan duka, ban zubar da ko ɗaya ba.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta yi mini bayani cewa girman ɗaya ne a rubuce, amma akwai bambancin da bai kai silin gashi ba. Ita da kaftin, mai koya musu, sun yi kwana biyu suna gwadawa kafin su gano wanda bindigarta ke so. Sauran biyun waɗanda ta ƙi ne. Na ɗauko faifai na baza su ko zan tsince, idona bai ga komai ba.

Washegari na bi ta a metro, jirgin ƙasan cikin gari, don in ba kaftin haƙuri da bakina. Dattijo ne mai furfura. Ya ce ma'alish, wato ba komai, ya sa aka kawo mini shayi. Da na ga fuskarsa a sake, sai na yi tambayar da ke cina: me zai hana kowa ya riƙe iri ɗaya a huta?

Ya yi dariya, ya ce maharba sun daɗe suna wannan musun. A ganinsa, kowane maharbi ya kamata ya san na gama-gari, wanda ke kowane kanti, ya san halinsa a bindigarsa, domin zaɓaɓɓen yakan ƙare ko ya ɓace daga kasuwa. 'Yata ta ce wannan na mai koyo ne, amma a gasa tsakanin zuwa ta uku da ta huɗu silin gashin nan ne. Ina fassara Larabcinsu a raina, na ga kowa da gaskiyarsa.

Ya miƙa mata sabon gwangwani na gama-garin.

"Da shi kika yi shekararki ta farko, ya binti, 'yata. Hannunki bai manta ba."

Ranar Juma'a na zauna a baya ina jan carbi. Wurin shiru, sai ɗan tas, tas. Ta huɗu ta zo, aka rubuta ta a masu jiran ko-ta-kwana.

A hanyar gida na tambaye ta ko harsashin ne ya ja mata. Ta ce wallahi ba ta sani ba, domin a harbi biyun ƙarshe ta ji hannunta ya yi rawa. Na sake ba ta haƙuri. Ta ce khalas, ya wuce, Umma, akwai wani gwajin bayan Sallah, in ina so in zo ranar da za su sake zaɓen harsashi in ga yadda ake yi. Na ce mata ina so.