Idon da Aka Ɗora Kan Talabijin

Larabar da ta biyo bayan Ƙaramar Sallah ce, shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare. Kaka ta yi, gari duk ƙamshin harawa da sabon wake. Kasuwar Dutsin-Ma ta cika tun hantsi, motocin Kurfi da na Karofi sai sauke mutane da awaki suke yi. Nafi'u abokina ya goyo ni a bayan kekensa, sandata a gicciye bisa cinyata, ina sanye da kaftanin Sallah ruwan toka wanda ya sauko mini har idon sawu. Muna shan kwanar shagon Malam Hamisu mai gem, wato wasan talabijin, na hango abin da ya fara tayar mini da hankali. Bencin da muke zama a kai an fito da shi waje, wata akuya na kwance ƙarƙashinsa tana tuƙa. An wangale ƙofa da taga, an shafe bangon ciki da farar ƙasa, shagon da muka sani da duhu ya koma fayau kamar ɗakin asibiti. A saman talabijin kuwa an ɗora wani ɗan baƙin abu mai ido ɗaya, da kaɗan ya fi kwalin ashana. Malam Hamisu na tsaye bakin ƙofa yana washe baki, ya ce mini, "Iro, yau za ka ga abin da ko Kano bai daɗe da isa ba."

Sai na koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za a gane abin da fitar da bencin nan yake nufi a wurina ba. Shan inna ya cinye mini ƙafar hagu tun ban iya magana ba. Ta tsaya siririya kamar karan dawa, tafin ya juya ciki. A gidanmu ba a zagina da ita, amma ita ce take raba aiki. Da asuba Baba zai saɓa fartanya, yayyena su bi shi gonarmu ta hanyar Karofi, ni kuma Iya ta shimfiɗa mini buhu a gindin rumbu, ta dire mini kwaryar gyaɗa ko kwandon wake in yi ta ɓara. In an yi shanyar gero ni ne mai korar kaji da awaki, da ɗan tsakuwa a hannu. Yayyena su dawo da yamma da labarin zomon da suka kora da macijin da suka kashe, ni labarina bai wuce kazar maƙwabta ta yi mana ɓarna ba. Manyan yatsuna biyu suka yi kanta, suka yi ƙarfi da sauri, har Iya takan ce, "Abin da Allah Ya rage a ƙafa Ya zuba shi a yatsa." Lallashi take yi, na sani. Ba wanda ya taɓa yin suna a gari don ya iya ɓarar gyaɗa.

A makaranta ma haka. In an fita motsa jiki, malam ya nuna mini gindin dalbejiya ya ce in zauna in tsare jakunkuna. In ana ƙwallo bayan an tashi, ni ne mai gadin takalma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne langa, wasan da ake yi da ƙafa ɗaya, a riƙe ɗayar a baya ana tsalle ana ture juna. Na ce ai wannan nawa ne, tunda ƙafa ɗayar dama ita gare ni. Yaran suka ce a'a, in na faɗi na karye iyayensu za a kama. Ko a wasan masu ƙafa ɗaya ba a sa ni ba.

Ana nan Malam Hamisu, wani mai gyaran rediyo da ya yi zaman Kano, ya dawo gida da tsohon talabijin da ƙaramin janareto da akwatin gem, ya kama shago a bayan tasha. Nafi'u ne ya fara kai ni. Ɗaki ne mai duhu, an toshe tagar da buhu, warin fetur da zufa sun haɗu, yara sun cunkushe kan benci ɗaya. Abin da ake riƙewa ana dannawa, mai doguwar waya, hannun gem muke ce masa. Ran da aka fara miƙo mini shi na zaɓi wani ƙaton mayaƙi mai jan ɗankwali a goshi. Na danna, ya yi tsalle. Na sake dannawa, ya tashi sama ya kai duka da ƙafa. Da ƙafar hagu. Ban san sanda na yi ihu ba.

Dokar shagon ɗaya ce: wanda ya ci shi ke riƙe da hannun, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa ya koma layi. Kafin damina ta zagayo na zama mutumin da ba ya komawa layi. Yatsun da suka sha gyaɗa ba sa gajiya. Gefen bencin na wajen bango ya zama wurina, ko ban zo ba ba mai zama, hannun da aka ɗaure wayarsa da baƙin salatif kuma aka sa masa suna hannun Iro. A cikin duhun nan ba wanda yake kallon ƙasa, kowa idonsa na kan gilashin talabijin, a gilashin kuwa ni ne mai ƙafa biyu da ta fi ta kowa. Yaran da suke ba ni gadin takalma su ne suka koma leƙo yatsuna suna cewa, "Don Allah Iro, ya ake wanga bugun?"

Sai kuma rigimarmu da 'yan Kurfi. Kowace Laraba suna biyo iyayensu kasuwa, in sun sauke kaya su zarce shagon. Jagoransu Lawal Dogo, wani zanƙalelen yaro mai baki kamar reza. Tsakaninmu ba kuɗi ba kofin gasa, baki ne kawai, amma bakin ya fi kuɗi ciwo. Babbar karawa ita ce ta Larabar bayan Sallah, garin da aka ci zai sha gori har wata Sallar. Sallah biyu a jere ina kwantar da Lawal, har aka daina ce mini Iro gurgu a unguwa, aka koma Iro na Hamisu. Wanda bai taɓa ɗaukar suna irin na farkon ba ba zai san daɗin sauke shi ba.

To, wannan ita ce karawar da na zo yi ran da na tarar da benci a waje. Malam Hamisu ya tara mu ya yi bayani. Ɗan abin nan kyamara ce. Ba hannu, ba waya, ba dannawa. Mutum zai tsaya a gabanta, ta ɗauke shi ta sa shi cikin talabijin, wasu ƙananan mayaƙa su riƙa faɗo masa ta dama da hagu, shi kuma yana kai musu mari da hannuwansa, yana gocewa, yana tsalle. Haske take so, shi ya sa aka buɗe taga. Fili take so, shi ya sa aka fitar da benci. Ya ce da ita za a yi karawar bana. Na ce, "Malam, a bar mu da wanda muka saba mana." Ya dafa kafaɗata ya ce, "In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza." Har da wani malamin makarantarmu da ya leƙo yana gyaɗa kai, wai wannan shi ne ci gaba, yara za su motsa jiki maimakon su zauna kamar kayan wanki. Ni dai ban ji wanda ya tambayi yadda marar ƙafar rawa zai yi da sabon kiɗan ba.

Lawal ya fara. Hannun rigarsa mai faɗi yana ta kaɗawa, kyamarar na ɗauka mari ne, sai Malam Hamisu ya yanke hukunci kowa ya tuɓe riga ya yi da singileti. Lawal ya tuɓe, ya yi ta tsalle kamar ɗan akuya, jama'a na ihu har masu tallar rake suka taru a taga. Da ya gama ya juyo yana haki ya ce, "Tau, ina zakaran naku? Shi zo." Da na ce ba zan yi ba, da an wuce wurin. Amma 'yan garinmu suka ɗauki sunana suna rerawa, ni kuma na saba ci, wanda ya saba ci kuwa wawa ne. Na zauna a ƙasa, sai tsinin hulata kaɗai ya fito a gilashi. Wani ya ruga gidan maƙwabta ya aro turmi aka kife mini, na hau na zauna, na fito sosai. 'Yan Kurfi suka ce aradu ba su yarda ba, nasu a tsaye ya yi. Nafi'u ya ce zai riƙe ni ta baya, suka ce mutum biyu ke nan. Malam Hamisu ya ce gaskiyarsu.

Sai na miƙe. Na tuɓe kaftanin nan da Iya take sa tela ya ƙara masa tsawo kullum ba tare da ta faɗi dalili ba. Wandon da ke ciki na makaranta ne, gajere. Malam Hamisu ya ja ni baya don in fito a gilashin gaba ɗaya, na ɗaga kai na kalli talabijin. A gidanmu madubi bai wuce na tafin hannu ba, wanda Iya ke sa kwalli da shi. Fuskata na sani, ƙafata ma na santa daga sama, yadda mai ita yake ganinta. Amma ban taɓa ganin kaina tun daga kai har ƙasa ba sai ranar, a gaban Dutsin-Ma da Kurfi. Wani ƙanƙanen yaro na gani, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, ya karkace kan sanda, wani abu na reto a inda ƙafa ya kamata ta kasance. Gilashin da ya shekara biyu yana ba ni ƙafafu, shi ne ya kwaɓe ni a bainar jama'a.

Mayaƙan suka fara faɗowa. Na dama na mare su, na hagu suna wucewa don hannun na kan sanda. Aka fara ihu, "Hagu, Iro, hagu!" Na saki sandar. Na mari ɗaya, na mari na biyu, na juya zan kai wa na uku, sai ga ni a ƙasa, haɓata ta daki siminti. Aka yi dariya, ta Kurfi da ta gida, ba zan ce ban ji muryoyin da na sani a ciki ba. Dariyar ma da sauƙi. Wani dattijo mai sayar da igiya da ke leƙe ta taga ya daka tsawa ya ce, "Ku ji tsoron Allah, ku daina wahalar da musaki!" Lawal Dogo, wanda bai taɓa buɗe baki ya faɗa mini kalma mai daɗi ba, ya ɗauko sandata ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Sannu, bawan Allah." Da zagina ya yi da na gode masa. Wanda ake jin tsoro ba a yi masa sannu.

Malam Hamisu ya ce, "Tau, a ba Nafi'u." Nafi'u ya tuɓe riga ya shiga, kuma ya ci. Dutsin-Ma ta ci Kurfi ba tare da ni ba. Aka ɗaga shi sama aka yi cikin kasuwa da shi, kekensa na jingine a bango, ya manta da wanda ya goyo. Na mayar da kaftanina na dogara sandata na kama hanya, ta cikin masu awaki da masu buhunan wake, haɓa na zubar da jini. Da na isa gida Iya ta dube ni ta dubi rigar, ta ɗora ruwan zafi.

Ban ƙara taka shagon ba. Nafi'u ya zo har gida sau da yawa, ina jin sallamarsa in ce a ce ina barci. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni kuwa na haɗa su duka na yi fushi da su. Makarantar ma daga baya na daina zuwa, don a can ne labarin ya fi yawo, har da masu kwaikwayon yadda na faɗi. Abin haushin, kyamarar ba ta yi ƙarko ba. Ga zafi, ba mai iya tsalle a ɗaki da rana tsaka. In hazo ya rufe gari ba ta ganin kowa. Wasan nata kuma ba zurfi, in ka yi mari sau ɗari ka gama ganin abin da ke ciki. Yara suka gaji suka ce a dawo musu da abin dannawa. Malam Hamisu ya cire ta ya jefa cikin kwalin tsofaffin rediyo, ya sake toshe taga, ya aiko a ce mini wurina na nan. Wane wuri? Duk wanda ke cikin ɗakin nan ya riga ya ga abin da duhun yake rufewa, ni ma na gani.

Yanzu ina da rumfar cajin waya a bakin tasha, da mata da 'ya'ya, ba na roƙon kowa. Yara kan zauna a gefena su dunƙule kan waya, yatsu na rawa, suna karawa da wani a Katsina ko Legas wanda bai san kamanninsu ba, bai san ko suna da ƙafa ko babu ba. Nakan kalle su in ce a raina, da a wannan zamanin na tashi da ba a yi mini sannu ba. Kwanaki na haɗu da Nafi'u a wurin wani suna, ya yi tumbi ya yi furfura. Na tuna masa da ranar. Ya daɗe yana tunani, sannan ya yi dariya ya ce, "Au, wai abin nan mai ido? Ai ko wata uku bai yi ba." Gaskiya ya faɗa. Su ko wata uku ba su yi da shi ba. Ni har yau ban gama tashi daga simintin nan ba.