Ruwan da Ya Wuce Gonar Sodangi

Duk wanda ya san Sodangi ya san shi da fartanya a kafaɗa da laka har gwiwa. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana samad a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, a yankin Jazira kudu da Khartum, wato shi manoma suka zaɓa ya riƙa raba musu ruwa. Hawasha tara ce a layinsu, kowace gonar gida guda, kuma magudana ɗaya ke shayar da su duka, wadda suke kira abu ishirin. Idan gafir, mai gadin ruwa, ya buɗe ƙofar tur'a, babbar magudanar da ke ba su ruwa, ruwa ya gangaro, Sodangi ke cewa wane ya fasa, wane ya toshe. Aikin ke nan. Ba albashi, sai ƙorafi idan ruwa ya yi kaɗan.

Hawasharsa ce ta farko, a bakin ruwa. Wuri ne da ko malalaci aka ba zai cika rumbu. Amma tun ranar da aka ɗora masa samad, a 1990, mutumin nan ya ce daga wutsiya za a riƙa farawa. Ruwa ya wuce ta gaban gonarsa, ya wuce bakwai, ya fara shiga ta tara, sannan a yi ta dawowa baya har a iso kansa. Matarsa Yalwa ta sha faɗa a gaban kowa cewa ita kaɗai ce a duk Jazira take zaune bakin ruwa tana jiran layi.

Yalwa ta san inda ya samo wannan hali, don ta ji labarin har ta haddace. Kakarsa Iya tana 'yar shekara bakwai aka fito da ita daga ƙasar Sakkwato, cikin mutanen da suka ƙi miƙa wuya ga Nasara suka nufi gabas. Jagoran ɗan ayarinsu wani Malam Abdussalami ne. Iya ba ta riƙe wa'azinsa ba, ba ta riƙe ko kamanninsa ba. Abin da ta riƙe ɗaya ne: in an iso rijiya, shi ke tsayawa da guga, ya shayar da yara da mata da tsofaffi da jakuna, sai kowa ya ƙoshi ya sha abin da ya rage. Akwai rijiyar da bai samu komai ba sai jiƙaƙƙiyar laka, ya tsotsa, aka ci gaba da tafiya.

Shi ya sa idan maza suka taru a rumfa da la'asar, ana shan shayi, rediyo na kawo labarin Najeriya, aka shiga musun wane shugaba ne ya fi wahala wajen ƙwato wa talakawa 'yanci, Sodangi ba ya shiga. Bai taɓa taka ƙasar ba, ya ce, bai san mutanen ba. In aka matsa masa sai ya ce, "Ku dai gaya mini, in sunka iso rijiya wa ke fara sha?" A yi dariya, a ce Samad da rijiyarsa.

Dariyar ta ɗauke a wata shekara da damina ta janye da wuri. Dawa ta fid da kai, tana neman ruwan ƙarshe da zai cika ƙwaya, ga tur'a ta cushe da laka da ciyawa. Aka yi mako uku abu ishirin a bushe. Ran da ruwa ya zo, ya zo a raunane, kamar mai ciwo ya taso daga shimfiɗa. Gafir ya ce zai iya kai kwana shida. Yalwa ta leƙa rumbunta ta ga ƙasan, ta tuna ga 'yarsu Huda ta dawo gida da goyo, mijinta ya tafi neman aiki Khartum. Dawar nan ita ce tuwo da kisrar shekara, wato siririyar wainar da suke ci, babu wata.

Ta same shi yana ɗaura rawani. "Baban Huda, bana dai ka fara da kanka. Sau ɗaya. Wa zai ga laifinka?"

"Maryamu fa?" ya ce.

Maryamu ce mai hawasha ta tara. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, kuma in aka fara daga sama ruwa mai rauni irin wannan ko ƙofarta ba zai gani ba. Yalwa ta sani sarai. Haushin da ta ji ma na sanin ne. Ta ce, "Tafi, tafi. Allah shi ba ka aljannar da ba a bin layi." Ya yi murmushi ya fita.

Rana ta uku da azahar aka samu matsala. Mato, mai hawasha ta biyu, mutum mai baki da saurin fushi, ya kasa haƙuri ya fasa wa kansa. Yalwa na tafe da abinci a ka ta hango su. Ta tsaya, don ta zaci za a yi abin kunya. Sodangi bai ɗaga murya ba. Ya shiga ruwan ya toshe da hannunsa, ya daddale lakar, ya fito. Mato na huci yana cewa, "Kai ma fasa, ya Samad. Ni da kai, awa biyu, halas, an gama." Sodangi ya kama hannunsa ya kai shi cikin tasa dawar, ya nuna masa ganyen da ya naɗe ya yi fari. Ya ce, "Tawa ta fi taka jin jiki. In na fasa maka, mi zan ce da na uku?" Bai kai maganar rumfa ba, bai faɗa wa kowa ba, har ya bar duniya.

Ya koma wutsiya ya bar Yalwa da kwanon abinci a bakin gonarsu. Ruwa na wucewa ta gaban ƙafarta, ga fartanyar da ya manta a jingine. Sara ɗaya ne kawai. Wallahi ta ɗauka, ta riƙe ta har hannunta ya yi gumi, tana kuka tana zagin Malam Abdussalami da bai san ta ba. Daga ƙarshe ta jefar. Ta juye tuwon a murfi, ta riƙa kamfatar ruwa da kwano tana zuba wa kunya ɗaya, gindi bayan gindi, har la'asar. Da ya dawo ya ga kunyar a jiƙe, ya dube ta, ta zare masa ido. Ya ce, "Kwano ba shi cikin doka." Ya zauna ya ci tuwonsa da ya huce.

Ruwan bai kai kwana shida ba. Da hantsin rana ta biyar ya shiga hawashar Mato, kafin magariba ya tsinke. Sodangi ya tsaya kan magudanar yana kallon laka tana sheƙi. Yalwa ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, ta fasa gorin da ta yi niyyar yi masa. Dawarsu ta bushe a tsaye, kai ba ƙwaya. Kunyar kwano ce kaɗai ta yi, abin da ba zai wuce irin shuka ba.

Lokacin girbi ya riƙa fita kullum yana taya mutane yanka, ya dawo da ƙaiƙayi a wuya. Yalwa ta fara rage hannu a tukunya ba tare da ta faɗa ba.

Wata Juma'a da safe ta ji ƙarar karo, keken jaki, a ƙofar gida. Ta leƙa. Jakuna ne a jere da buhunan dawa, kuma abin da ya sa ta dafe ƙirji shi ne jerin: Maryamu a gaba, na takwas a bayanta, na bakwai, haka har Mato a ƙarshe yana kallon ƙasa. Yadda ya shayar da su, haka suka zo.

Sodangi ya fito, ya gani, fuskarsa ta canza. "Jama'a, ban kai ga sadaka ba."

Maryamu ta gyara mayafinta. "Wa ya ce sadaka, Samad? Ruwanka ne. Ta ƙofarka ya wuce ya shiga gonata, na riƙe maka shi, ga shi ya dawo. In ba ka so, faɗa mini inda zan zubar."

Aka sauke buhunan. Yalwa ta shiga ciki da sauri don kada a ga idonta, ta ɗebo ruwan randa a babban kwano ta miƙa wa maigida ya ba baƙi. Ya miƙa wa Maryamu kamar yadda ya saba. Ta karɓa, ba ta sha ba, ta ba na kusa da ita. Shi ma ya miƙa gaba. Kwanon ya bi hannu takwas ba wanda ya kai baki, har ya iso wurin Mato. Mato ya tako ya tsaya gaban Sodangi, ya riƙe masa da hannu biyu.

"Yau kai ka fara, Yaya."

Sodangi ya waiga ya dubi Yalwa, kamar yana neman wanda zai cece shi. Ta ce a hankali, "Sha mana, Baban Huda. Mutane na jin ƙishirwa."

Ya karɓa ya sha, ruwan na zuba a gaban jallabiyarsa.