Idon Argiris

Mijina Argiris tun yana saurayi yake tuƙa baƙi a ƙasarmu ta Mani. Yakan kai su kufan Mistra su ga tsofaffin majami'u, sannan ya biyo da su hanyar bakin teku, wadda dutse ke gefe ɗaya, rami a ɗaya gefen. Taurin kai gare shi na tsiya. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya rantse gilashin motar ne ya yi datti.

Ni kaɗai na san dabararsa. A kowace muguwar kwana akwai ɗan farin akwati a kan ginshiƙi, da fitilar man zaitun a ciki, wanda dangi ke kafawa inda nasu ya mutu. Argiris ya daina ganin kwana. Farin nan yake hangowa dishi-dishi, sai ya taka birki. Na yi kuka, na ɓoye makulli a tulun zaitun, duk a banza. Dole na koma bin sa a kujerar gaba, ina duba masa hanya.

"Ke Fotini, yaushe aka ɗauke ki 'yar sanda?" in ji shi.

"Ranar da ka auri makanta, tsohon banza."

Ran nan mun ɗauko wasu tsofaffi mata da miji 'yan Tasalonika, muka nufi garin Kardamili da rana tsaka. Ashe dangin wani mamaci sun sake wa akwatinsa fenti, sun yi masa shuɗi irin na teku. Ni kuma na juya baya ina miƙa wa baƙin ɓaure. Ko da na waiwayo, ga kwana a gabanmu, Argiris yana ta ba da labarin sarakunan Mistra, ƙafarsa a kan totur.

"Birki! Argiris, birki!"

Motar ta ja taya, ta tsallake titi, ta tsaya cak a bakin rami, ta gefen da yake zaune. Na ji tsakuwa na gangarawa, ban ji inda ta sauka ba. Tsohuwar tana ta zana gicciye a ƙirjinta, mijin ya ƙanƙame kujera.

"Ku fita ta dama ku ɗauki hoto," in ji Argiris, har da dariya. "Nan ne teku ya fi kyau."

Suka fice. Shi bai motsa ba, hannunsa na kan marfin ƙofa. Can ya rage murya.

"Fotini, in na sa ƙafa waje, akwai ƙasa?"

Na leƙa ta tagarsa. Ruwa ne kawai, can ƙasa, yana dukan dutse.

"Babu," na ce.

Ya saki ƙofar, ya miƙo mini hannu yana laluben iska. Na jawo shi ta ɓangarena, kuma har muka tsallaka titi muka isa gindin dutse bai sake ni ba.