Aron Fasfon Alhaji Mamman

Har yau ban manta da ranar da na tura Alhaji Mamman zuwa ƙofar jirgin Yamai ba, duk da cewa tsofaffin da na tura a filin jirgin nan na Paris ni kaina ban san iyakarsu ba. Ku da kuka fara aiki bana kuna cewa Malam Lawali ya cika tsauri, ba ya taɓa kujera sai ya tambayi abin da ke cikin ambulan. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne masu tura kujera mai taya. Idan fasinja tsoho ne ko marar lafiya, kamfanin jirgi yana sanar da ofishinmu, shef, wato shugabanmu, ya kira ka ta rediyo ya ba ka suna da lambar jirgi. Kai za ka ɗauke shi daga inda ake auna kaya, ka bi da shi wurin 'yan sandan fasfo da wurin bincike, har ka danƙa shi ga ma'aikatan jirgi. Sama da shef akwai mai tsara aiki, wanda muryarsa kawai muka sani. Ba mu da iko a kan komai. Ƙafafu ne mu, sai kuma baki idan fasinja ba ya jin Faransanci. Ni da na fito daga Maradi, duk tsohon da ya sa babbar riga ni ake turo wa, ko da daga Senegal ya fito.

Sai abin da ake kira detaks. Duk kayan da ka saya a kanti a ƙasar nan akwai haraji a cikin farashinsa. Baƙon da ba mazaunin Turai ba ne, wanda ya zo na ɗan lokaci zai koma, yana da damar a mayar masa da wani kaso na harajin, tunda ba a nan zai mori kayan ba. A kanti yana nuna fasfo, a ba shi takarda. Ranar tafiya, kafin ya ba da akwatunansa, sai ya kara takardar a wata na'ura kusa da ofishin duwan, wato kwastan. In ta nuna kore, shi ke nan. In ta nuna ja, sai ya je gaban ɗan duwan da fasfo da tikiti da kayan su kansu, a gani da ido. Sharaɗin ba shi da wuya: wanda ya saya shi ne mai tafiya, kayan kuma suna tafiya tare da shi.

Mutanenmu kuwa sun daɗe da gano tasu hanyar. Baƙo ya sauka daga gida, a zo gaishe shi, a ci a sha, sai a ce a ara mana fasfo. Wannan ya sayi waya da sunan baƙo, waccan ta sayi jaka. Kaya su zauna a unguwar Goutte d'Or ta nan Paris ko a Vénissieux kusa da Lyon, takardu kuma su bi baƙo filin jirgi. Ba wanda yake kiran abin sata. Dabara ake ce masa, har ana yi wa wanda bai iya ba dariya.

Ranar da nake ba ku labari farkon watan bakwai ce, lokacin da kowa ke tafiya gida hutu. Zauren ya cika har ba wurin aje ƙafa. Tun asuba nake tsaye, gwiwata ta dama tana yi mini irin nata. Shef ya kira ni ya ce akwai tsoho a layin Yamai. Na tarar da shi zaune a kan benci cikin farar riga wadda ta yi masa yawa, ga ɗansa Salisu tsaye a kansa. Da safen nan suka taso daga Lyon a jirgin ƙasa. Muka gaisa, Alhaji ya tambaye ni gida da iyali da gajiya, bai rage komai ba, ko da yake numfashinsa yana yankewa a tsakani.

Salisu ya ja ni gefe ya yi mini bayani. Ma'aikacin ɗakin ajiyar kaya ne a Vénissieux, shi ya kawo mahaifinsa magani watannin baya. Likitoci sun ce iyakarsu ke nan, tsohon kuwa ya ce a mayar da shi Damagaram. Da ƙyar aka samu kujera a wannan jirgin, da ƙyar likita ya sa hannu a takardar izinin tafiya, ya kuma faɗa masa cewa nan da mako biyu bai san ko zai iya sake sa hannu ba. Idan jirgin yau ya tashi babu Alhaji, to a Faransa za a binne shi, kuma duk mun san haka.

An riga an ba da akwatuna. Sai Salisu ya ciro ambulan mai kauri, cike da takardun detaks.

"Malam Lawali, don Allah ku biya wajen na'urar can. Ba daɗewa za ku yi ba."

Na ce, "Kayan fa?"

"Suna cikin akwati."

"Kai ba za ka zo ba?"

"In sun ga mazaunin nan sai su yi ta tambaya. Zan tsaya can bayan ginshiƙi. In kun gama sai mu yi sallama a natse." Ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, in an tambaye ka, ka ce suna cikin akwati."

Ƙa'idar aikinmu ita ce duk inda fasinja ya ce a kai shi a cikin zauren, bayi ne ko wurin salla ko ofishin duwan, kai shi za ka yi. Na tura shi. Na kama hannunsa muka kara takarda ta farko, na'ura ta nuna ja. Ta biyu ma haka. Kafin mu ciro ta uku, wata 'yar duwan ta yafito mu daga tagar ofis. Mace ce mai ɗan shekaru, da ganinta ita ma tun asuba take nan.

Ta baza takardun a gabanta, ta dubi fasfo, ta dubi tsohon, ta ce ina kayan. Na fassara masa.

Alhaji ya ce, "Suna cikin akwati."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, don shi a zatonsa rigunansa da magungunansa ake tambaya. Ni kuma na mayar mata yadda ya faɗa, domin mai fassara ba ya ƙari ba ya ragi.

Ta ce doka ta ce a nuna kaya kafin a ba da akwati, kuma sayayya mai yawa haka ba za ta bar ta ta wuce da magana kawai ba. Za ta sa a sauko da akwatunan a buɗe. Ta ce in fahimtar da shi sarai, in an sauko da su, yau ba shi ba tafiya.

Na koma gefe na buga wa Salisu waya. Ina hango shi ta cikin jama'a, ya manne da ginshiƙi.

"Malam Lawali, kai ɗan gida ne, ka san yadda za ka yi mata magana. Ka ce tsoho ne, ya ruɗe."

Na ce, "Ka zo ka faɗa da bakinka."

"Katin zamana yana wurin sabuntawa. In suka rubuta sunana na shiga uku, ni da yara. Ka taimake ni, don girman Allah." Ya kashe wayar.

Da na dawo, matar ta ce bari ta karanta masa abin da aka saya da sunansa, ko zai tuna. Tana karantawa ina fassarawa. Wayoyin hannu, injin dafa kofi, jakar mata, na'urar wasan yara, keken jariri.

Alhaji ya ce, "Keken mi?"

"Na jariri, Alhaji."

Ya dubi tayoyin kujerar da yake kai. "Ni da ake turawa, wa zan tura?"

Na so in yi dariya, ban samu ƙarfin yi ba. Shi kuwa ina ganin abin yana shigarsa a hankali. Can ya ce ai ya lura, yana kwance fasfonsa yana yawo, yau wannan ya karɓa gobe wancan, shi ya ɗauka maganar takardun asibiti ce. Ya gyara hularsa ya ce, "Ɗana, ka gaya mata yadda zan faɗa, kada ka gyara mini. Ban sayi ko ɗaya ba. Cikin akwatina riguna ne da magani da sabulun tsarabar jikoki. Kayan nan na mutanen da suka yi jinyata ne. Ba zan faɗi sunan kowa ba, na ci abincinsu. In laihi ne, fasfona ne, a rubuta nawa. Amma ta yi mini rai ta bar ni in tahi in mutu ɗakina."

Na fassara. Matar ta nemi takardar likita, ta karanta, ta kwashi komai ta shiga ciki wurin babbanta. Muka zauna jira. Rediyo a kafaɗata sai kira yake, Lawali ina kake, an fara shiga jirgi. Na ce ina duwan. Shef ya ce ba ruwan jirgi da duwan, kamar ni ban sani ba.

Da ta fito ta ce an soke takardun duka, ba abin da za a mayar wa kowa, an kuma rubuta abin da ya faru. Akwatuna za su zauna inda suke. Ta miƙa masa fasfonsa da hannu biyu. Sannan ta duba agogo ta ce ƙofar jirginmu tana da nisa, layin 'yan sanda kuma ya kai bango, mu biyo ta ita za ta wuce da mu.

Alheri ta yi mana, ba shakka. Ta shiga gaba da kakinta tana buɗe hanya, ina biye da gudu-gudu. Amma hanyar ta gaban ginshiƙin nan ta bi. Salisu ya hango kaki a gaban mahaifinsa, ya ɗauka an kama shi ana neman sauran. Ina kallonsa ya ja baya ya juya fuska ga bango.

Alhaji ya duba dama ya duba hagu. "Ina Salisu?"

"Yana nan kusa, Alhaji."

"To tsaya kaɗan."

Na rage sauri. Matar ta waiwayo ta girgiza kai, ta nuna mini agogo. In na kira Salisu a gabanta na tona masa asiri, in na tsaya jira jirgi ya tafi. Na ci gaba da turawa. Tsohon yana ta waige, yana leƙawa ta ƙarƙashin hannuna, har ƙofar gilashi ta rufe a bayanmu.

Mu ne na ƙarshe da suka iso. A bakin jirgi, kafin ma'aikata su kama shi, ya riƙe mini riga.

"Ka ce wa Salisu kada ya makara jirgin ƙasa, gobe yana da aiki. Ka ce na gode da wahala." Ya huta kaɗan ya ce, "Duƙo."

Na duƙa. Ya ɗora hannunsa a kaina ya yi addu'ar da ya tanadar wa ɗansa, doguwa, har da sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaciyar jirgi tana tsaye tana jira. Da ya shafa ya ce, "Kai masa."

Na dawo zauren da kujera ba kowa. Salisu yana inda na bar shi.

"Sun tahi da shi?"

Na ce, "Ya hau jirgi."

Ya zauna a ƙasa. Ya ce mutanen nan da suka ari fasfon su suka yi karo-karo aka kawo Baba, matansu suka yi ta dafo abinci, mazansu suna karɓarsa kwana a asibiti in yana aiki. Da wane baki zai hana su fasfo? Gaskiya ya faɗa. Na isar masa da maganar jirgin ƙasa da godiyar. Sannan na ce akwai sauran saƙo, ya cire hula. A tsakiyar zauren nan, Turawa suna ratsa mu da akwatunansu, na ɗora hannuna a kan mutum mai 'ya'ya uku na maimaita abin da na iya riƙewa. Sunan jika ɗaya ya ɓace mini, shi ya tuna mini yana kuka. Rediyo kuma yana ta kira, akwai wata tsohuwa a layin Bamako.

Alhaji Mamman bai ga ƙarshen daminar nan ba. A ɗakinsa ya rasu, kamar yadda ya roƙa. Salisu bai samu zuwa ba, katinsa bai fito ba tukuna.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. 'Yan duwan ba abokan gabarmu ba ne, ma'aikata ne masu ciwon ƙafa irinmu, kuma gaskiya ta fi saurin wucewa a tagarsu. Mutanenmu ma ba mugaye ba ne, kunyar juna ce take sa su aikata abin da ba su auna ƙarshensa ba. Shi ya sa kafin in taɓa kujera nake tambaya: akwai takardar detaks? Kayan suna ina? In an ce suna cikin akwati, sai in ce wanda ya ba da ambulan ya biyo mu har taga, in ba zai iya ba ya mayar da abinsa aljihu ya yi sallama da tsohonsa yanzu. An zage ni a kan haka, a Goutte d'Or akwai waɗanda suka daina amsa gaisuwata. Na gaji da bayani, ba na ma yi. Ba don harajin Faransa nake yi ba, Faransa ba ta san da zamana ba. Ba na so ne in sake tura wani tsoho yana waige.