Katuna Goma Sha Ɗaya da Malam Ba'ana Ya Kwantar

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1967, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Ba'ana, shugabana a ofishin haƙa rijiyoyi, a gidansa da ke unguwar Mafoni, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Yau kwana shida ke nan, Malam, na kasa zama wuri ɗaya.

Kai ka koya mini huda kati. Kowane kati umarni ɗaya ne ga kwamfutar da ke Ikko, mai lissafa mana zurfin ruwa a ƙasa. Mu huda a nan, mu sa a jirgin ƙasa, amsa ta dawo bayan mako uku.

Ranar da na so hana na'urar bin wasu umarni, zare katunan na yi na cusa a aljihu. Ba ka yi faɗa ba. Ka ce, "Inuwa, katin da ya shiga aljihu, wurin mai wanki zai ƙare." Na ce to mu sa kati ɗaya da zai umarce ta ta tsallake su. Ka ce hakan ma yana yi, amma wanda ya zo bayanmu zai ɗauka suna aiki. Sai ka huda harafin C a farkon kowanne, na'ura ta gani ta wuce, mutum kuma ya iya karantawa. Kwantarwa kake kiran wannan. Dokarka ɗaya ce: duk wanda ya kwantar da kati, ya ɗora wani a sama mai faɗin dalili. Sau nawa ka maido ni daga bakin ƙofa a kan haka!

To ga shi, Malam, a lissafin rijiyar ƙauyen nan da mata ke tafiyar mil shida neman ruwa, na tarar da katuna goma sha ɗaya a kwance, babu dalili a sama. In na tashe su alhali kuskure ka gano, za a haƙa inda babu ruwa. In na bar su alhali gwaji kawai kake yi, nan ma ɓata ne. Na karanta su har na haddace. Na zazzage teburinka sau biyu.

Jiya na tambayi matarka, Yaya Binta, ko ka bar wata takarda.

"Babu," in ji ta. "Amma ran Asabar ya aika a kira ka, ya ce maganar kati ce. Ba kai ka ce sai Litinin ba?"

Ni na ce. Ina wurin kallon ƙwallo. Ranar Litinin kuwa, Malam, na tarar ba ka iya magana.

Yau na roƙi injiniyan ofishinmu ya ɗage haƙar har in sake lissafin daga farko. Matan nan za su ƙara wata bazara a kan hanya, kuma laifina ne.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace rijiya da ka auna ta zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya ba Yaya Binta da yara da jama'ar Mafoni haƙuri. Ni kuma, Malam, ka yafe mini Asabar ɗin nan.