Kwano Biyu na Tsoho Kang

A bakin mai sayar da taliya na fara jin sunansa, a kasuwar bayan haikalin Konfushiyas.

"Tsoho Kang," in ji ta, "har yau baban naka bai ƙoshi ba?"

Shi dai murmushi yake yi. Siriri ne, shuɗiyar rigarsa ta koɗe a kafaɗa, amma maɓallanta a sanye har wuya. Kullum kwano biyu yake karɓa. Yakan ajiye ɗaya gaban kujerar da ba kowa, ya jera sandunan cin abinci a gefe, ya sunkuyar da kai. Ba ya taɓa nasa sai tururin wancan ya kwanta.

"Ɗa ba ya riga ubansa ci," yake ce mata, "ko da uban yana ƙarƙashin ƙasa."

Ban sani ba ko ya taɓa haihuwa. Na dai lura duk ranar sharar kaburbura shi kaɗai yake hawa tudu da tsintsiya, yana tafe yana hutawa. A wurinmu kuwa, kabarin da ciyawa ta rufe, an san gidan ya ƙare.

Bana ya iske ni a kabarin kakata, ina kiran sunayen magabatanmu yadda ta koya mini. Ya tsaya ya saurara har na gama.

"Jikata," ya ce, "na babana yana gindin wancan itacen. In kin zo baɗi kika ga ciyawa, ki ɗan wuce da tsintsiyarki. Sunansa Kang Deyou. Nawa ba sai kin riƙe ba."