Goggo Hurera da Tukunyar da Ba Ta Hayaƙi

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Sabon Birni ya san Goggo Hurera da duban hayaƙi. Da an yi la'asar sai ta kife turmi a tsakar gida, ta hau, ta dafa danga, tana bin gidajen mutane da ido. Farin hayaƙi, busasshen icce ne, akwai tuwo. Baƙi mai kauri, kashin shanu ne, an matsu. Inda ba ta ga ko ɗaya ba, sai ta sauko ta ce, "Gidan da ba hayaƙi ba lafiya," ta ɗauki mayafi. Ƙanwar babana ce. Wurinta na koma da mijina ya rasu, kuma ni ke zuwa icce.

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, babu kara a gona, icce ya yi nisa. In na fita da hantsi sai azahar ta gota, da ɗan damin da bai isa girki biyu ba. Dugadugaina duk sun tsage.

Ana nan sai Garba, ɗanta mai tuƙin mota zuwa Maraɗi, ya zo da wata tukunya, ƙarama cikin babba. Mun ɗauka kula ce. Ya ce a'a. A tafasa abinci a ƙaramar na ɗan lokaci, a sauke, a saka cikin babbar a rufe, shi zai ƙarasa nuna da kansa. Wai babbar bango biyu gare ta kamar fulas ɗin shayi, an zuƙe iskar da ke tsakani.

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Direba, to mi ke tsakanin?"

"Babu komi, Inna."

"Babu komi shi ka dahwa wake?"

Ya ce haka ne.

"Da babu komi na dahwa abinci, da duk garin ga mun ƙoshi bana."

Ranar farko waken bai nuna ba, don kowane ɗan lokaci sai ta lallaɓo ta buɗe murfin wai ta kama wutar a ɓoye. Rana ta biyu ta zuba ɗanyen wake da ruwan randa ta rufe, ta ce in da gaske take ta yi aikin tun daga farko. Da yamma munka iske jiƙaƙƙen wake yana kallonmu. Ta ce ai ta faɗa, irin ɗan ƙodagon nan ne da sai ka yi masa rabin noma kafin ya kama fartanya.

Sai ranar da ta tafi gaisuwar rasuwa garin Isa na gwada yadda Garba ya ce. Icce uku na ƙona. Kafin ta dawo wake ya yi luguf. Na duba ƙarƙashin tukunyar, na taɓa gefenta, sanyi ƙalau. Ni ma ban gane ba. Naman ramammun shanun da Fulani ke sayarwa da arha lokacin, wanda kan cinye dami guda, ya yi laushin da Goggo ta ci babu haƙori. Shinkafa takan ɗan caɓe, amma ana ci. Tuwo ne ya gagara. Ta kaɗa gari ta rufe, sama ya zama kunu, ƙasa gudaji. Ta ce tukunyar da ba ta san muciya ba baƙuwa ce, kuma baƙuwa za ta mutu.

To yanzu girki ya koma na safe, wuta 'yar kaɗan. Na samu hutun ƙafa. Abin da ba mu lura ba, da la'asar gidanmu babu hayaƙi.

Rana ta huɗu da fara haka maƙwabciyarmu Asabe ta shigo. Mijinta ya tafi cin rani Kudu, ya bar ta da yara huɗu. Ta durƙusa, ta fid da kwanon gero daga mayafi, ta ce, "Goggo, kwana huɗu ban ga hayaƙinku ba." Ni na san rumbunsu, na ga gindinsa. Wannan kwanon ne ya rage.

Goggo ta miƙa hannu. Ta karɓa, don mayarwa cin fuska ne.

Asabe na fita Goggo ta ce daga yau kowace la'asar in hura kashin shanu a murhu. Na ce a ɗora mi? Ta ce babu komi.

"Goggo, wuta ba tukunya?"

"Tukunya na dahuwa ba wuta, wuta ta ci ba tukunya. An yi daidai."

Washegari kuma ta tashi da sabuwa. Wai ba za ta ƙara yin sallar azahar ba da abin nan na dahuwa shi kaɗai kusa da ita. Ta sa na tafasa ninkin abin da muke ci, na rufe, na ɗora a kai. Ta ce in kai wa Asabe ajiya, in ce mata in ta ji motsi a ciki ta buɗe ta kwashe rabi, ta zubar inda ta ga dama. Asabe ta karɓa da bisimilla, da hannu biyu. Kafin magariba tukunya ta dawo da rabi, da zafinta. Haka munka yi kullum har damina ta zagayo. Yaran nan huɗu duk suna raye, babbar ma ta yi jika.

Na taɓa tambayar Goggo ko da gaske tsoron tukunyar take.

Ta ce, "Ke kin san abin da ka dahwa shi?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To."

Har yau ban sani ba. Na gan ta tana tofa addu'a kan murfin kafin in ɗauka. Na kuma gan ta ta ɗora ƙafa a kansa tana tsince wake. Tukunyar na wurina, murfin ya fara saki, amma tana dahuwa.

Allah ya jiƙan Goggo Hurera, ya sanyaya makwancinta. Yadda ta hau turmi tana duba gidajen mutane, Allah ya duba ta da rahama. Amin.